Tabar da Na Raba da Hannuna

Ƙofar Kaura,
Katsina.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, motar da ta ɗauke ki ko faci ba ta yi ba, direban kuma mai tsoron Allah ne. Allah Ya tsare gabanki da bayanki a garin da ba ki da kowa sai Shi, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki da abokan aiki masu mutunci. Innarki tana gaishe ki. Ita ce ma ta cusa takardar cikin ƙullin kuka da daddawa, don ta san nan za ki fara buɗewa.

Na san za ki ce me ya hana in gaya miki baki da baki, ga mu gida ɗaya. Na gwada. Kin dai ga yadda ƙirjin nan ya koma. In na ɗauko magana mai tsawo tari ke ƙarasa mini ita, ke kuma ki tashi neman ruwa, shi ke nan zancen ya watse. Biro ba ya tari, saboda haka ki nemi wuri ki zauna, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Innarki ta gaya mini abin da kika ce mata ranar da kuke ɗaure kaya. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Wai kin ce a sabon wurin aikinki za ki kama bakinki. Ba za ki sake tambayar majinyaci ko yana shan taba ba, ba za ki sake tara su a inuwa kina yi musu maganar bari ba. Dalilinki kuwa shi ne, lokacin da kike aikin sanin makama a asibitin da na yi ritaya, Malam Kabiru shugaban ɗakin maza ya tsayar da ke gaban ma'aikata ya ce, "Yarinya, mu nan kai muke gyarawa, ƙirji na wasu ne." Aka kwashe da dariya, kika dawo gida kika ƙi cin tuwo.

To, ni ban yarda ba. Ban tsaya miki kika karanci jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa da masu shaye-shaye ba, ina ta sa-in-sa da baffanninki masu cewa wannan ba aikin mace ba ne, don dariyar mutum shida ta tanƙwara ki tun ba ki fara ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da ke ba, ba kuma da Kabiru ba. Maganar da ya yaɓa miki ba tasa ba ce. Tawa ce. Ni na ƙirƙiro ta, ni na koya masa ita lokacin yana sabon zuwa, ko allura bai iya zuƙa ba. Da bakin ubanki aka yi miki dariya, shi ya sa dole ki ji inda maganar ta samo asali.

Ranar da na fara aiki a ɗakin maza, ina saurayi da farar riga mai sitaci, babban da aka haɗa ni da shi bai nuna mini inda ake ajiye magani ba sai da ya fara nuna mini aljihun gaban rigarsa. Kwalin sigari ne a ciki da ashana. Ya ce wannan shi ne mabuɗin ɗakin. Wanda ya sha maganinsa ba gardama, kara ɗaya. Wanda ya yi wanka, kara ɗaya. Wanda ya share baranda ko ya taya mu riƙe wani mai fisge-fisge, kara biyu. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma kowa ya san shi fiye da dokokin da aka liƙa a bango. Kuma yana aiki, Uwata, ba zan yi miki ƙarya ba. Da na taɓa aljihu ɗaki zai yi tsit. Na ƙware har ana yabona, ana cewa ranar da nake bakin aiki ba a jin hayaniya.

Cikin waɗanda suka bi ta hannuna akwai Malam Idi, wani tela daga unguwar Gobarau. Ciwon damuwa ne ya kawo shi bayan rasuwar matarsa. Ya daina ci, ya daina magana, ya daina taka keke. Mutumin nan bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko goro bai dame shi ba. Ya yi makonni yana zaune a kusurwa yana kallon bango. Ran da ya tashi da kansa ya ɗauki tsintsiya, murna ta kama ni, na rasa abin da zan ba shi, hannuna ya tafi aljihu. Ya ce shi ba ya sha. Na ce ya dai karɓa, tana sa nishaɗi, kuma in ya zauna cikin masu sha zai samu abokan hira. Ni na ƙyasta masa ashanar. Ya yi tari har da hawaye, muka yi ta dariya, na je na rubuta a rahoto cewa majinyaci ya fara shiga mutane.

Ya warke, aka sallame shi, ya koma kan kekensa. Muka zama aminai. Kaftanin da na sa ranar sunanki ma shi ya ɗinka. Duk lokacin da na leƙa shagonsa zan tarar da sigari a gefen bakinsa, toka na zuba kan yadin mutane, yana nuna ni ga duk wanda ya shigo yana cewa ga wanda ya maido shi duniya. Shekaru suka tafi, tari ya kama shi, ya rame, ya fara tofar da jini. Ni na raka shi wajen likitan ƙirji. Likitan ya tambaye shi yaushe ya fara shan taba. Idi ya juyo ya dube ni yana murmushi, ba da zargi ba, wallahi ko kaɗan, ya ce, "Ai Malam ya hi ni sani."

Ranar jana'izarsa 'yan uwansa suka yi ta kama hannuna suna sa mini albarka, wai na yi wa ɗan uwansu alherin da ba za su manta ba. Na amsa da amin. Har yau in na bi ta layin shagon nan sai in sauya hanya.

Saboda haka ga ta farko. Kada ki sayi shirun ɗaki da abin da zai kashe mutum daga baya. In kin tarar da irin wannan al'ada a can, ko da ba sigari ba ce, ko shisha ce ko taba gari, kada ki sa hannunki, ko da za a ce kin cika iyayi. Kuma duk wanda ya shigo, tun a bakin ƙofa ki tambaye shi, kamar yadda kike tambayar barcinsa da cin abincinsa: yana sha, kara nawa, tun yaushe, yana so ya bari? Ki rubuta amsar a fayil inda likita zai gani. Wanda kuma ya zo ba ya sha, amana ce a wuyanki ya fita yadda ya shigo.

Kuskurena na biyu ya fi na farko wauta, don shi da sunan tuba na yi shi. Bayan mun binne Idi na koma aiki ina huci. Ran Litinin da safe na sa aka ɗaga katifu, aka zazzage matasai, aka laluba safa da huluna. Duk tabar da aka samu na tara a bokiti na sheƙa mata ruwa a gaban masu ita. Ban shawarci likita ba, ban gaya wa majinyata komai ba, na dai ce daga yau an hana. Na koma ofis ina jin kaina kamar wanda ya yi jihadi, ashe gyaran gangar Abzinawa na yi.

Kwana uku ɗakin ya hargitse. Akwai wani Garba, ɗan kabu-kabu da ya shigo gari daga ƙauye neman abinci, ƙwayar tiramol ta kawo shi hannunmu. Ya sha wuyar barinta, ya natsu, saura mako guda a sallame shi. Sai ga shi ya kasa zama wuri ɗaya, yana tsokanar kowa da faɗa, har ya yi ƙwallo da kwanon abinci. Na ɗauki biro na rubuta cewa ciwo ya dawo. Aka danne shi aka yi masa allura, aka ɗage sallamarsa. Tsohuwarsa da ta zo tafiya da shi ta koma ƙauye ita kaɗai.

Sista Saratu ce ta gane. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, tana ɗakin mata, an kira ta ta taimaka mana saboda rikicin ya yi yawa. Ta zagaya ta dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja ni baranda ta ce, "Malam, wannan ba ciwonsu ba ne ya dawo, ƙawar taba ce. Ka ƙwace abin da jikinsu ya saba, ba ka ba su komai ba, kuma kana hukunta su don sun ji zafi." Na ce mata ta koma ta ji da matanta. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma bari ba. Akwai wani dattijo da ya koma barci ba dare ba rana, yawu na dalala, muna cewa jikin tsufa ne. Ita ta je ta tunasar da likita cewa hayaƙin taba yana rage wa wasu magungunan ƙwaƙwalwa ƙarfi a jiki, in mutum ya daina sha, ƙwayar da yake haɗiya lafiya lau jiya sai ta yi masa nauyi yau. Aka rage masa magani, ya farfaɗo. Ban taɓa ba ta haƙuri ba har ta yi ritaya ta koma garinsu, kuma abin yana damuna.

To ki ji ta biyu. Ƙwace ba magani ba ne. Taba ciwo ce kamar ƙwaya, kuma jinya ake yi mata. Ki zauna da mutum ku yi magana, ku tsayar da rana tare, ranar da shi ya yarda da ita. Ki gaya masa tun da wuri abin da zai ji, saurin fushi da rashin barci da yawan jin yunwa, ki kuma gaya masa cewa zai wuce, don kada ya zaci haukacewa yake yi. Yanzu akwai cingam ɗin nan da filastar da ake liƙawa a damtse masu rage ƙawa, mu a zamaninmu sai dai labari. In an ce miki babu a sito, ki rubuta takardar nema. In an yi shiru ki sake rubutawa, ki yi ta yi har mai sito ya fara ɓuya in ya hango ki. Kafin su zo, ki ba hannu da baki abin yi, ko aswaki ne, ko dabino, ko zagaya fili bayan cin abinci, don lokacin ne ƙawar ta fi tashi. Ranar da mutum ya ajiye kuwa, ranar likita zai sani, a duba maganinsa. Kuma kafin ki rubuta wa ɗan mutane cewa ciwonsa ya dawo, ki fara tambayar yaushe rabonsa da taba.

Na uku shi ne wanda ya taɓa ki. Mako biyu kacal na yi na sare. Na koma na sayo kwali na mayar aljihu, ɗaki ya yi shiru, kowa ya ce ai da ma. Gaskiyar magana ita ce ni ne ban iya ba, amma girman kai ya hana ni faɗin haka, sai na ce abin ne ba ya yiwuwa. Don in rufe kunyata na ƙirƙiro maganar nan ta kai da ƙirji. Ta yi daɗin faɗi, ta ba mutane dariya, ta kama bakin kowa. Duk sabon ma'aikacin da ya zo da tambaya, da ita nake rufe masa baki. Kabiru ma ya taɓa tambaya, kin ji. Yaro ne mai tausayi lokacin, ni na kashe masa tambayar.

Garba kuwa muka sallame shi ya rabu da ƙwaya, da sigari maƙale a bayan kunne, muna tafa wa kanmu. Bai yi wata huɗu ba aka dawo da shi. Muka sake wanke shi, aka sake dawo da shi. A zuwa na uku na zaunar da shi na tambaye shi abin da ke mayar da shi. Ya ce shi ba ya fita da niyyar ƙwaya, kara ɗaya kawai yake zuwa saye wajen mai tebur a bakin tasha inda suke jiran fasinja. Amma teburin nan ɗaya ne, abokan su ne dai na da, kuma da ya kunna ya zuƙa sai jikinsa ya fara tambayar abokiyar tafiyarta. Mun kashe maciji ba mu sare kai ba, muna mamakin sara. Na ji wannan da kunnena, na rubuta masa ranar dawowa ganin likita, ban ce masa komai a kan taba ba.

Za su gaya miki a can cewa a bari mutum ya fara rabuwa da babba, wato ƙwaya, ƙaramar, wato taba, ta biyo baya. Ki tambaye su yaushe ne bayan, don ni na yi shekara talatin ina jiran ta ban gan ta ba. Mutumin da ke gabanki guda ne, kansa da ƙirjinsa jini ɗaya ke zagaya su, kuma in kin sallame shi ba wani ofis da zai je a tambaye shi. Lokacin da yake hannunki, yana nesa da mai tebur, yana da masu sauraronsa, shi ne lokacin.

Dangi ma za su zo miki da tasu. Za ki buɗe kular abinci ki tarar da kara uku a naɗe cikin leda ƙarƙashin tuwo. In kin yi magana uwar ta ce, haba 'yar nan, ita kaɗai ta rage masa a duniya, a bar masa. Kada ki yi mata tsawa, ƙauna ce ta sa ta. Amma kada ki yarda. Na daɗe ina jin maganar nan daga bakin ma'aikata da dangi, ni ma na faɗe ta sau ba adadi, sai daga baya na gane raini ne muke kira tausayi. Ba mai faɗin haka a kan lafiyayyen ɗansa da ke jami'a. Sai a kan wanda muka riga muka yanke wa hukuncin cewa rayuwarsa ba ta kai a tsawaita ta ba. Mutumin da ya jure amai da ciwon gaɓoɓi ya bar tiramol, wa ya isa ya ce ba zai iya barin sigari ba? Ba na ce duka za su iya a karon farko ba. Wasu za su bari su koma, su sake bari su sake komawa. Wanda ya koma kada ki kunyata shi, ki tambaye shi me ya kayar da shi, ku sake sa wata ranar.

Saura na huɗu, shi ne na fi jin nauyin rubutawa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wa'azin da nake yi wa masu ƙwaya, da warin taba a rigata nake yin sa. Wata rana ina yi wa Garba faɗa a kan rashin ƙarfin zuciya, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ma hwa taka ta hi ƙarhinka." Na ce tawa ai ba ƙwaya ba ce, na kore shi daga ofis. Laifi tudu ne. Daga ranar bai sake ɗaukar maganata da nauyi ba, kuma yana da gaskiya.

Ku a gida kun ɗauka na bari tun ranar da likita ya nuna mini hoton ƙirjina. Ban bari ba, Uwata. Fitar da nake yi bayan la'asar da sunan miƙe ƙafa, bayan shagon mai wankin hula nake zuwa. Kanumfarin da nake taunawa ba don haƙori ba ne. Gwano ba ya jin warin jikinsa, wataƙila ke da innarki kun daɗe da sani kuna yi mini kawaici. Kowace shekara azumi yana nuna mini zan iya, tun asuba har faɗuwar rana ba na taɓa ta, amma da na sa dabino a baki hannuna ya tafi aljihu kafin in yi alwala. Da na samu wanda ya zaunar da ni a watan nan ya ce mu ɗora daga nan, wataƙila da yanzu ina hawa matakalar masallaci ba hutawa. Ki riƙe wannan, watan azumi dama ce babba ga majinyatanki, haka ma azumin Kiristoci ga masu yin sa. Ki kuma dubi abokan aikinki masu sha. Kada ki yi musu gori, su ma jinya suke buƙata, kuma muddin suna sha ba za su so a tayar da maganar ba.

Da innarki ta gaya mini kin sare, na kwana biyu ina juya abin. Na ga in na tsaya a rubutu kawai za ki ce tsoho ya ga dama, ya ɓata aiki shekara talatin, yanzu yana zaune a inuwa yana tura ki rana. Saboda haka shekaranjiya da safe, kina kasuwa sayen bokiti da labule, na tari ɗan kabu-kabu ya kai ni tsohon wurin aikina. Matakala shida ce a ƙofar, sau biyu na tsaya. Ban nufi ofis ba. Na je na zauna a benci cikin layin masu jiran kati, tsakanin wani saurayi mai rawar hannu da wata mata da ta kawo mijinta.

Kabiru ya hango ni ya taho da sauri, ya durƙusa, ya tambayi gida da jiki da iyali, ya ce me ya kai ni layi, in taso mu shiga ciki. Na ce layina nake jira. Da aka zo kaina na shiga na zauna a kujerar majinyata. Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa suna gaishe ni, na tabbata har da waɗanda suka yi miki dariya. Na ce masa kati zai buɗe mini. Ya tambayi abin da ke damuna, na ce shaye-shaye. Suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne irin nawa na da. Na ciro kwalin daga aljihu na ajiye masa a kan tebur.

Ya dubi kwalin, ya rage murya ya ce, "Baba, ai ka san mu nan..."

Na ce, "Ƙarasa mana. Hwaɗi abin da na koya maka. Dube ni ka hwaɗa."

Numfashina na ta fita yadda kika san yake fita yanzu, kamar ana jan zarto. Kabiru bai ƙarasa ba. Ya jawo kati ya ɗauki biro, ya duba gaba ya duba baya, babu gurbin da aka tanada wa taba, sai a gefen takardar ya rubuta. Ya tambaye ni kara nawa a rana, na gaya masa gaskiya, abin da ko likitan ƙirjina ban gaya wa ba. Ya rubuta, ya ajiye biron. Sannan ya ce, "Baba, wallahi ban san mi ake yi daga nan ba."

Na ji tausayinsa, don laifin jahilcin nan nawa ne. Na ce masa ni ma rabi na sani, kuma a makare na san shi. Wadda ta karanta abin, ta san yadda ake yi daga farko har ƙarshe, ita ce yarinyar da kuka yi wa dariya. Na ba shi lambarki a gaban kowa, ya rubuta a saman katin. Ya ce zai kira ki ranar Litinin.

To ga shi nan, Uwata. Zai kira, shi babba da furfurarsa, ya tambaye ki yadda ake yi. Ban san abin da za ki ce masa ba. In kin ce kin bar wannan maganar, zai mayar da katin cikin durowa, ba kuma wanda zai sake ciro shi, ni ma in koma bayan shagon mai wankin hula. Ya tambaye ni ranar da zan ajiye, na ce a bar wurin ba rubutu, da malamar jinyata za mu tsayar da ita. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba, shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Amma na riga na zauna a bencin, kuma ba zan tashi ba sai an duba ni. Kada dai ki daɗe kina shawara, kin san ƙirjin da kika bari a gida.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya tsare ki daga sharrin mai sharri da dariyar mai dariya. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya ba majinyatanki lafiya ta kai da ta ƙirji. Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya yafe mini abin da na yi masa. Ki riƙe sallarki, ki ci abinci, ki kuma bar wayarki a kunne ranar Litinin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
majinyacinki kuma, in kin karɓe ni.